Filin Bakanike: Sitiyarin tsohuwar mota na wasa, ta ina za a fara?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, ƙafar tsohuwar mota da sitiyarin da ya saki, dama haka abin yake duk ƙarshen damina, ruwa ya gama cin gefen kwalta, ramuka sun buɗe baki, sai kowa ya fara jin ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin motarsa. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma rage tsawon wasu don wuri ya ishe mu. Masu tambayar kafireto da zafin inji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam Oga. Ni ɗan Pantami ne a Gombe. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar Fijo 504 salun ƙirar Kaduna, tun muna yara yake hawanta, 'yan uwa suka ce a sayar a raba kuɗin ni kuma na ce a cire a rabona zan riƙe ta. Inji lafiya lau wallahi, amma sitiyarin sai ka juya shi kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta motsa, in na hau hanyar Kumo kuwa kamar ina tuƙa kwalekwale, ina gyara ta dama tana zamewa hagu. Bakanikenmu ya ce rak ne ya mutu a sayo wani. Na ce bari in ji ta bakinka kafin in kashe kuɗin.

AMSA: Wa'alaikassalam. Allah ya jiƙan Baba ya kyauta makwanci, kai kuma ka yi tunani da ka riƙe ta, don Peugeot 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kakuri tun da kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, har yau ban ga motar da ta san halin hanyoyinmu kamarta ba. Amma batun rak, wato dogon ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba hagu da dama, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Ba na ce bakanikenka bai san aiki ba, wataƙila ma rak ɗin ne, sai dai ina da tambaya ɗaya: ya kwanta a ƙarƙashin motar ya gani da idonsa, ko daga kujerar direba ya kaɗa sitiyari ya yanke hukunci? Don wasan da hannunka ke ji a sama ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba galibi, nan ɗan kaɗan can ɗan kaɗan ne suke taruwa tun daga taya har su iso hannunka, kuma da yake rak ne babba mai tsada a cikinsu sai bakin kowa ya fi saurin zuwa kansa.

Ga abin da za ka yi ranar da ba ka zuwa aiki, ba ka buƙatar komai sai ƙaninka da tocila da tsohon kwali na shimfiɗawa. A ajiye motar a wuri mai daidai, tayoyin gaba suna kallon gaba sak, kuma a ƙasa, kada a ɗaga ta tukuna, nauyin motar ne zai riƙe taya har wasan ya fito fili. A ja hambirki a sa dutse a tayar baya. Ƙaninka ya zauna yana kaɗa sitiyarin hagu dama, hagu dama, a hankali, iya inda yake jin sakin kawai ya ɗan wuce kaɗan, kai kuma ka bi ƙarfen daga sama zuwa ƙasa kana neman inda wani sashe ke motsi amma na gaba da shi bai amsa ba.

Ka fara da inda sandar sitiyari ta sauko ta haɗu da rak. A 504 akwai wata roba zagayayya kamar faifai a tsakani, aikinta ta shanye girgizar hanya kada ta hau hannun direba, to robar nan in ta shekara talatin tana shan zafin inji da ɗigon baƙin mai sai ta tsattsage ta yi laushi, za ka ga sandar sama na juyawa ta ƙasa tana tsaye tana kallonka. Na sha ganin an sayi rak an ɗaura, an tashi mota wasa na nan daram, ashe faifan robar nan ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Daga nan ka duba notinan da suka riƙe rak ɗin kansa a jikin ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, in gidan rak ɗin gaba ɗaya yana zamewa gefe da gefe to sun saki ne. Sai ka zo kan robobin nan biyu masu kama da zugazugin maƙera da ke rufe bakin rak hagu da dama, in sun yage to yashin Gombe ya daɗe da tarewa a ciki, ya haɗu da giris ya zama kamar sanfefa, kullum yana cin ƙarfe. Ka kama robar da hannu ka matse, za ka ji mahaɗin ciki in yana bugawa. Na ƙarshe kan tairod na waje, wato ƙarshen sandar da ta taso daga rak, inda ya shiga hannun taya, wannan ma kada ka tsaya kallo, dunƙule shi a tafin hannunka ƙaninka na kaɗawa, in ya mutu za ka ji ƙas-ƙas a cikin hannunka tun kafin ido ya gani.

Bayan nan sai a ɗaga gaban motar. Don Allah ba a kan jak kaɗai ba, a sa mata abin tsayawa na ƙarfe ko gungumen icce mai kauri, ba bulo ba, bulo fashewa yake yi ba sallama. Ka ɗauki taya kamar fuskar agogo. Hannu ɗaya a ƙarfe 3 ɗaya a ƙarfe 9 ka girgiza, in da wasa to ɓangaren tairod ne. Ka koma ƙarfe 12 da ƙarfe 6, in da wasa to ko boris ɗin taya ne ko boljoin na ƙasa, wato mahaɗin nan mai ƙwallo da ke riƙe ƙafar taya, yadda za ka raba gardamar kuwa shi ne ƙaninka ya taka birki ya riƙe ka sake girgizawa, in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoin ne. Sannan ka sa liba ka ɗan banƙara hannun ƙasa daidai inda bush yake, ka ga ko robar ta rabu da ƙarfenta. Wannan yawon kwalekwalen da kake ji a hanyar Kumo, ni zargina ya fi karkata ga bush ɗin nan da tairod, don in suka mutu taya ce ke zaɓar inda za ta kalla duk lokacin da ta taɓa rami ko ka taka birki.

In ka gama duk wannan komai ya kama gam, kuma ka ga ƙaramin giyan da ke shiga rak yana juyawa amma rak bai motsa ba, to bakanikenka ya yi gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri a madadina. Ko a nan ma akwai wani matoshi mai sufurin da ke danna rak a kan giyan, wani lokaci shi ne ya cinye, a gyara shi a samu sauƙi.

Abu biyu in an zo ɗaurawa. Bush na roba ba a ɗaure notinsa gam mota na sama tayoyi na reto, a ɗaura sama-sama, a sauke ta nauyinta ya zauna sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, kafin wata uku ta yage ka ce an sayar maka da jabu. Kuma kada a shafa mata giris ko baƙin mai don ta shiga da sauƙi, mai yana cin roba, ruwan sabulu ya isa. Alaimen kuwa, wato daidaita saitin tayoyi, shi ne na ƙarshe bayan an gama canza komai, wanda ya yi alaimen a kan mataccen tairod kuɗinsa kawai ya yi sadaka da shi.

TAMBAYA: Malam bakanike barka da aiki. Dattijo ne ni a Fadaman Mada cikin Bauchi, ina da Marsandi 230 wadda ta zo kafin V-boot, mai fawa sitiyari, na fi shekara talatin da ita. Ta fara wasa sai direbana ya kai ta aka ɗaure wani sukuru a saman akwatin sitiyari. Wasan ya ragu amma yanzu ta yi tauri, in na sha kwana a shataletalen Wunti sai na dawo da sitiyarin da hannuna, ba ya dawowa da kansa kamar da. Me ya faru?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, an yi maka gyaran gangar Auzinawa ne. Motarka ita ce W123 da Mercedes suka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ita ba rak gare ta ba kamar Fijo, akwati ne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa a ciki, kuma irin wannan sitiyarin ko yana sabo fil yana da ɗan wasa, kusan milimita 25 a bakin sitiyari ba laifi ba ne, faɗin yatsu biyu bai cika ba. Masu fawa kuma inji na aiki ake auna su, in ka auna inji a kashe za ka ga wasan da babu shi.

Sukurun da aka taɓa maka yana da amfaninsa amma shi ne abin taɓawa na ƙarshe. Dalili kuwa, mota tana yin kusan duk rayuwarta ne tana tafiya miƙe, saboda haka haƙoran cikin akwatin a tsakiya suke cinyewa, gefe da gefe suna nan kusan yadda suke. To in aka matse har wasan tsakiya ya ɓace ƙaf, da ka juya zuwa inda bai cinye ba sai ya cije, shi ne taurin da kake ji a Wunti, kuma yana da haɗari, don ran da za ka kauce wa ɗan acaɓa da sauri sitiyarin zai tsaya inda ka kai shi. Banda haka matsin na ƙara cin akwatin, wanda in ya mutu samun mai kyau sai an sha yawo.

A mayar da sukurun inda yake. A nan sai an yi hattara, a waɗannan akwatunan na Marsandi masu fawa abin a juye yake, kwance sukurun waje shi ke rage wasa, shigar da shi ciki shi ke sassautawa, yara da yawa a nan suke ruɗewa. A sa alama da alli ko fenti kafin a taɓa, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, ko kwatar zagaye ta yi yawa a lokaci guda, a ɗaga gaba a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbata babu inda ya cije.

Sannan a koma neman ainihin ɓarawon. A ɗaya gefen, daura da akwatin, akwai wani hannu da muke kira aidila, shi ba ya tuƙa komai, riƙon sandar tsakiya kawai yake yi, bush ɗinsa in ya mutu za ka ga hannun na ɗagawa sama da ƙasa maimakon gefe da gefe, kuma a W123 shi ne na fara dubawa kullum. Sai sandar tsakiyar da kawunanta biyu, da tairod biyu kowanne da kai biyu, kawuna shida kenan, kowanne ya ba da ɗan wasa kaɗan ai ka ga an tara abin da ya isa. Akwai kuma ɗan siririn shokozoba a kwance da ke hana sitiyari fizga, a cire shi a ja da hannu, in ya tafi salalala babu turjiya ya gama aiki. A kuma haska notina ukun da suka riƙe akwatin a jikin shasi, a goge dattin wurin a duba ko ƙarfen ya tsage.

Gargaɗi ɗaya Alhaji, in aikin ya kai ga cire sufurin na gaba, kada ka bari a yi masa dabarar igiya ko waya. Sufurin ɗin gaban motar nan dogo ne kuma a matse yake sosai, yana da na'urarsa ta musamman da ake zurawa ta cikinsa, wanda ba shi da ita ya bar aikin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matar aure ce a Azare. Maigidana yana da Fijo wagon yana lodin fasinja zuwa Bauchi, da ita muke ci muke sha. Kwanaki ƙafar gaba ta fara ƙara, aka ce boljoin ne, da ya ji kuɗin sabo sai bakaniken ya ce ya kawo kaɗan a daka masa tsohon. Ƙarar ta daina, shi ya ce magana ta ƙare, ni dai hankalina bai kwanta ba. Wannan dakan gyara ne ko kuwa?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yata, Allah ya yi miki albarka, hankalinki ya fi na su biyun. Ba gyara ba ne. Ki karanta masa wannan da daddare bayan ya ci tuwo.

Boljoin ƙwallon ƙarfe ne a cikin kofi, kamar kan ƙashin cinya a cikin ƙugu, tsakaninsu akwai abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe da kuma giris, sai roba ta rufe. In robar ta yage ruwa da ƙasa suka shiga sai ƙwallon ya rame kofin ya faɗaɗa, shi ne ƙarar. Mai daka yana sa guduma ne ya lanƙwasa bakin kofin ya matse ƙwallon, wasu ma har guntun roba ko gwangwani suke cusawa. Ƙara za ta yi shiru, amma naman ƙarfen da ya tafi bai dawo ba, bakin kofin da aka daka kuma ya ƙara rauni, kuma mafi muni an kashe ƙararrawar da ke gaya wa direba cewa lokaci ya yi.

Ni ganau ne. Ina yaron gareji a nan Bauchi, zamanin da Steyr ke haɗa tarakta da manyan motoci a garin, ogan da nake koyon aiki a hannunsa ya sa ni na riƙe wani boljoin a kan maƙera ya daka, na wata wagon ce irin ta mijinki mai zuwa Jos, har direban ya ba ni na goro don murna. Bai fi sati biyu ba aka aiko mu je mu jawo ta daga wajen Nabordo. Allah ya taimaka a hankali yake tafiya, ya rage gudu ne zai sauke wata tsohuwa, ƙwallon ya fice daga kofi, taya ta kwanta ta shige cikin bodi, gaban motar ya dafa ƙasa ya ja layi a kwalta. Abin da ban manta ba shi ne buhun tumatir da ya fashe a but ɗin baya, da muka iso na hango ja a ƙasa gabana ya faɗi na ɗauka jini ne. Ba wanda ya ji ciwo ranar, amma da a gangaren Panshanu abin ya same shi da lodin mutum tara, da wani labarin ake yi. Tun ranar ban sake riƙe wa kowa boljoin a kan maƙera ba, kuma a garejina yaron da ya yi shi ya kama gabansa.

Ya ajiye motar kwana ɗaya, ko bashi ne ya ci, a sa sabo, hagu da dama tare in da hali don shekarunsu ɗaya wahalarsu ɗaya. Haka ma walda, ba a yin walda a tairod ko hannun sitiyari, ba a gasa su da wuta don a miƙe su in sun lanƙwashe, canzawa ake yi. In notin mai tsaga ne a kai a sa masa fin ɗinsa na asali, ba ƙusa ba, ba guntun wayar keke ba.

TAMBAYA: Oga, 504 akori-kura gare ni ina ɗaukar masara daga Dadin Kowa, baya ya zauna ɓangare ɗaya. Na canza shokozoba biyu bai tashi ba. An cuce ni ne a kayan?

AMSA: Ba a cuce ka ba abokina, kai ka sayi maganin ciwon kai alhali ƙafa ke ciwo. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyin mota, aikinsa ya hana ta lilo bayan ta faɗa rami, mai ɗaukar nauyi sufurin ne, naka kuma na ganye ne a jere. Ka wanke shi ka ƙirga ganyen hagu da na dama, zan iya rantsewa akwai wanda ya karye kusa da tsakiya, ko kuma notin tsakiyar da ya haɗa su ya tsinke gatarin baya ya zame, in haka ne wanda ke bin ka a baya zai ga motar na tafiya a karkace kamar kare. Ka duba bush ɗin idon sufurin gaba da baya da ƙarafan nan masu lanƙwasa da suka rungume gatari. Ganyen da ya karye a canza shi, walda ba ta riƙe shi. Sannan ka rage buhu biyu a lodi, na san ba za ka ji ba amma na faɗa.

TAMBAYA: Salam Baba. Ɗalibi ne ni a jami'ar ATBU ta Bauchi, na sayi tsohuwar Volkswagen Beetle a wajen wani malami mai ritaya don sha'awa, abokai na ta dariya ni ko a jikina. Matsalar ita ce in na taka rami a hanyar Dass sai sitiyarin ya kama rawa kamar zai fice daga hannuna, sai na rage gudu sosai yake dainawa. Kuma gaban yana tsalle-tsalle, ba ya kama ƙasa.

AMSA: Ɗana bar su su yi dariya, ran da ka fito da ita a wanke su ne za su roƙi hoto. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Injin Beetle a baya yake, gabanta ba nauyi sai tankin mai da safaya, shi ya sa iskar tayoyin gaba kaɗan take so, wajen 18 a geji, baya kuma wajen 27. Mai faci bai san wannan ba, shi kowace taya 35 ko 40 yake dura mata, sai gaban ya koma ƙwallo. Ka tsaya a kansa ya rage, rabin tsallen zai tafi a take.

Rawar kuma, akwai damfa, wato ɗan shokozoban da ke hana sitiyari fizga, a kwance a bayan gatarin gaba, ƙarƙashin tanki, yawanci in ta mutu haka take yi. Amma kada ka canza ta ka tafi kana murna, sabuwar damfa na iya ɓoye rawar alhali abin da ya haife ta yana nan. Gaban Beetle bututu biyu ne a gicciye, a cikinsu akwai sandunan ƙarfe da ke murɗewa, su ne sufurin ɗinta. Na Jamus har zuwa 1965 kingfin gare su, wato fin ɗin ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, daga baya aka koma boljoin, to ka leƙa ka ga wanne ke jikin taka kafin ka sayi komai, don kayansu ba sa shiga juna. Duk inda ka ga kan giris a jikin bututun nan ka goge ka dura har sai tsohon ya fito, na tabbata sun shekara ba su gani ba. Ka yi gwajin ƙarfe 3 da 9, 12 da 6 da na gaya wa ɗan Pantami a sama, ita ma tana da faifan roba a sandar sitiyari ƙarƙashin tanki, kuma akwatin sitiyarinta maƙale yake a bututun sama, ka duba ko ya saki.

Sai tayoyi. Motar da ta daɗe a ajiye tayarta kan yi kyau a ido alhali ta bushe. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2314 na nufin sati na 23 a 2014. In lamba uku ka gani to tun kafin 2000 aka yi ta, ta girme ka, ka ba masu takalmi. A kuma yi wa na gaba balansin, a juya rim a ga ko ya lanƙwashe.

TAMBAYA: Muna da Land Rover 109 ta kakanmu a Kaltungo, sitiyarinta a dama yake, muna shiga gona da ita. Sai ka juya ka juya kafin ta ji. Ana iya gyarawa ko haka Allah ya yi ta?

AMSA: Sitiyari a dama, to da alama ta shigo ƙasar nan tun kafin Afrilun 1972 da aka koma tuƙi a hannun dama, ku riƙe ta da kyau. Gaskiya ko tana sabuwa ba ta da kaifin Fijo, amma juya ka juya ɗin nan ba halitta ba ce. Tafiyar sitiyarinta doguwa ce, daga akwati sanda ta tafi gaba zuwa wani tulu da ke tsaye a cikin ƙarfen shasi na gaba kusa da lagireto, daga tulun wata sandar ta sauka zuwa taya, wata kuma ta haɗa tayoyin biyu, kawuna shida nan ma. Tulun nan mai yake sha, irin mai kaurin nan na giya lamba 90, kuma kusan ba wanda ke tuna shi sai ya bushe ya yi tsatsa. Ku duba hannayensa na sama da na ƙasa ko notinsu ya saki, ku duba ko shi kansa yana rawa a cikin shasi. Kada ku buɗe cikinsa a gida, akwai sufurin mai ƙarfi a matse da ke iya fitowa ya fasa wa mutum fuska. Manyan ƙwallayen nan masu sheƙi da ke bayan tayoyin gaba su ma mai ne a cikinsu, in sun yi tsatsa sun yi ramuka to sun cinye robar da ke rufe su man ya tsiyaye, fin ɗin sama da boris ɗin ƙasa suna aiki a bushe.

TAMBAYA: Wanne ya fi, kayan Beljiyam ko sabo na kwali? Daga mai karatu a Bajoga.

AMSA: Ya danganta da ko mene ne. Ƙarfe zalla kamar hannun ƙasa, gidan rak, akwatin sitiyari, na asali da aka ciro daga wata motar ya fi mini sabon da ba a san uwarsa ba, in dai ka juya shi da hannunka ka ji babu wasa babu cijewa, ka kuma duba ba a taɓa masa walda an shafe da baƙin fenti ba. Amma duk abin da roba ce ransa, bush, faifan sitiyari, robar rak, da boljoin da kan tairod, sabo za ka nema, don robar Beljiyam ta 504 ita ma ta tsufa kamar wadda za ka cire. In babu a Gombe a aika Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, amma a tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da zare da kaurin wuyan, 504 ta daɗe ana yin ta tun 1968 kafin a daina, kayan shekara kaza ba lallai su hau na shekara kaza ba. Sabon kan tairod mai kyau da ƙyar yake motsi in ka tura shi da babban yatsa, in ka ciro shi daga kwali yana lilo kamar wuyan kazar da aka yanka ka mayar wa mai shago abinsa tun kana tsaye a wurin.